Garkar Bayan Ɗaki

Ban cika shekara da aure ba aka mayar da mai gidana Gaya ta bakin gulbi, kan iyakar Dahome. A gidan waya yake aiki, lokacin kuwa Nasara ba su daɗe da tafiya ba, ana ta cike guraben da suka bari, a ɗauko wannan daga gabas a kai shi yamma. Mu mutanen Damargu ne, can inda ake ɗaura wa sa igiyar guga ya yi ta tafiya har ya yi nisa kafin ruwa ya iso bakin rijiya. Cikin kamyo, babbar motar kaya, muka taho mu uku, ni da shi da mahaifinsa. Matar tsohon ta rasu a kakar da ta wuce, 'yan uwa suka ga bai kamata a bar shi cikin kangon gida shi kaɗai ba.

Gidan da aka ba mu na gwamnati ne, ɗaki biyu da rumfa, sai wani fili a baya da ciyawa ta bushe a kansa. Wani akawu ɗan Dahome ne ya zauna a ciki kafin mu, ya koma ƙasarsu. Ya bar itacen lemun tsami guda, da wani bokitin ƙarfe mai dogon hanci, bakin hancin duk huji. Na juya shi na juya ban gane amfaninsa ba. Mai gida ya ce arozuwar ake ce masa, da shi ake ba shuka ruwa. Na rataye shi a jikin lemun na manta da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki rijiyar gidan ce. Ranar farko na zura guga, ban gama sakin igiyar da ke hannuna ba na ji ya faɗa ruwa. Na leƙa na ga fuskata. A garinmu ruwan da aka wanke gero da shi awaki ake ba, wanda aka yi wanka da shi a tara a kwaɓa ƙasa. A nan kuwa mata sheƙar da shi suke a titi ba su waiwaya. Na daɗe hannuna bai saba da haka ba. Duk ruwan wanke-wanke sai in kai shi wuri ɗaya, gindin katangar baya, in zuba a hankali, kamar akwai mai jiransa.

Zaman farko bai yi mini daɗi ba. Maƙwabta Dandanci suke yi, Hausa sai a kasuwa, ni kuma ba fita nake ba. Mai gida ya tafi biro, wato ofis, da safe, sai azahar. Baba, haka nake kiran surukina, ya shimfiɗa buzunsa ƙarƙashin rumfa ya zauna da tasbaha. Mutum ne da aka sani da noma a garinmu, gonarsa sai an hau tudu ake ganin iyakarta, amma tun da muka zo bai leƙa ƙofar gida ba, in ba masallaci ba. In na kai masa tuwo ya ci loma biyu ya ture. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Mu biyu muke wuni a gidan kamar ba kowa.

Wata safiya na je zubar da ruwa sai na ga wani ɗan tsiro a wurin, ganyensa mai yanka-yanka. Na murza ɗaya na shinshina, warin tumati. Ashe 'ya'yan da ke bin ruwan wanke-wanke ne ɗaya ya kama. Ni da ban taɓa ganin tumati a jikin uwarsa ba, busasshe na sani, wanda fatake ke kawowa cikin buhu. Na tsuguna ina kallonsa har ƙafata ta yi tsami. Na samo fasasshiyar tukunya na kife masa gefe saboda kaji. Kullum in na tashi, kafin in hura wuta, sai na je na duba shi. Bai yi rai ba, wata kaza ta tone shi ranar da na shagala da daka. Amma ya riga ya sa mini abu a zuciya.

Na bari mai gida ya ci abinci ya sha ruwa, sannan na ce ina son fartanya da iri. Ya tambaye ni na me. Na ce garka nake so in yi a bayan ɗaki. Ya yi murmushi, ya ce matan abokan aikinsa saƙa da ɗinki suke koyo, kuma kasuwar Gaya ba abin miyar da babu, me zai sa in ɓata hannuna. Ya tuna mini cewa ko a gidanmu ban taɓa riƙe hauya ba, ubana ɗan kasuwa ne. Duk gaskiya ya faɗa. Na ce ni dai ina so. Ranar kasuwa sai ga shi da fartanya sabuwa da ƙulli-ƙulli na iri: kuɓewa, yakuwa, alayyafo, gauta da barkono.

Na share filin na ƙone ciyawar. Da na zo shuka sai na yi abin da na sani. A garinmu in za a dasa itace, rami ake yi masa mai faɗi kamar akushi, don duk ɗigon da ya sauka ya taru a gindinsa. Haka na bi filin nan na yi ta haƙa akusa, na zuba iri a tsakiyar kowanne. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Da tsiron ya fito, layi-layi, kore shar, har wani taku na riƙa yi a tsakar gida.

Sai damina ta sauka, irin ta Gaya. Ban taɓa ganin ruwa haka ba. Ya zuba, ya huta, ya sake zubowa, washegari ma haka. Da sama ta washe na zagaya baya, na tarar akusana duk sun cika sun batse, kwaɗi na iyo a ciki. Na ɗauko ƙwarya na shiga kwarfa, amma ina kwashewa ƙasa na ƙara tsattsafo da wani. Kafin mako ya zagayo tsiron ya yi rawaya ya kwanta, in na ja ɗaya sai ya biyo hannuna, saiwar ta ruɓe.

Ina tsaye cikin taɓo na ji dariya ta saman katanga. Maƙwabciyarmu ce, wata dattijuwa matar masunci, wadda kullum hayaƙin bandar kifinta ke shigo mana. Mun sha gaisawa da hannu amma ba mu taɓa magana ba. Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji.

"Amarya," ta ce, "kifi kake kiwo ko miya?"

Sai ni ma na yi dariya, hawaye na zubo mini. Jim kaɗan ta yi sallama ta shigo, ta ɗaure zanenta, ta karɓi fartanyar. Ba ta yi dogon bayani ba, don kalmomin ba su ishe ta ba. Ta ja ƙasa daga nan, ta ja daga can, ta tara ta yi tudu mai tsawo, ta baje samansa da bayan fartanya. Ta yanka 'yar hanya a gefe, sai ga ruwan da ya kwanta ya bi ta yana gudu har ya fita ta kwararon katanga. Ta nuna tudun ta ce nan shuka, ta nuna hanyar ta ce nan ruwa, kowa da ɗakinsa. Ta miƙo mini fartanyar ta tsaya sai da na yi ɗaya a gabanta. Nawa ya karkace, ta sa ƙafa ta gyara. Daga ranar na fara kiranta Inna.

Na ta da kunya shida. Inna ta sa wata Bafillata mai kawo mata nono ta kawo mini busasshen kashin shanu, ta nuna mini in farfasa shi in gauraya da toka. In ta gyara kifi kuma sai ta miƙo mini ruwan ta katanga, ta ce in binne shi nesa da gindi kaɗan saboda kyanwa. Mai gida ya sake sayo iri, bai ce mini ai na gaya miki ba, na kuwa gode masa a zuciyata.

Ina cikin shuka kuɓewa karo na biyu na ji murya a bayana. Baba ne, ya taso daga buzunsa ya tsaya a inuwar lemun, hannuwa a baya.

"Ɗiyata, kin cika zurfi. Gaɓar yatsa ɗaya ta isa. Kuma da kin jiƙa irin ya kwana."

Tun da muka zo Gaya bai taɓa haɗa mini magana mai tsawon wannan ba. Na ce to, Baba. Na tone waɗanda na binne, na zuba sauran a ƙwarya da ruwa. Washegari da na fito da ƙwaryar na tarar ya riga ni zuwa, ya jawo buzunsa gindin lemun. Daga nan yake ba da umarni: nan ya yi kusa, can ki rage biyu ki bar ɗaya, yakuwa a bakin kunya ake sa ta. Bai taɓa fartanyar ba. Ya ce shi da hauya mai doguwar ƙota ya saba, a tsaye yake noma, wannan ta duƙe-duƙe ta mutanen gulbi ce.

Awaki ne suka fitar da shi gari. Akwai wata ɓaraka a katangar baya, wata rana da azahar akuyar wani ta shigo da 'ya'yanta suka aske mini rabin alayyafo. Baba ya kore su da sanda yana faɗa kamar gonarsa aka shiga. Da la'asar ya sa hula ya fita bai gaya wa kowa ba. Har na fara damuwa, sai ga shi da wani mai jaki, an labto ganyen giginya da ƙaya. Kwana biyu yana saƙa shinge, yana ɗaurewa da igiyar da ya tufka da kansa. A wajen neman ganyen ne ya haɗu da wasu tsofaffi 'yan Yelu masu kawo rake da rogo kasuwa, Hausawa, suka zama abokan hirarsa. Daga nan kowace ranar kasuwa sai ya je ya zauna wurinsu, ya dawo da labarin abin da ake shukawa a fadamarsu.

Kuɓewar ta tashi har ta kai mini ƙirji. Ranar da na ga furen farko, fari mai ɗan rawaya da jan ciki, na kira Inna ta katanga ta zo ta gani, ita da ta ga dubunsa. Ta zo kuwa, ta yaba. Bayan 'yan kwanaki na tsinki ta farko, 'yan ƙanana masu taushi, na haɗa da gauta da ɗanyen barkono, na yi miya da busasshen kifin da Inna ta ba ni. Na tuƙa tuwon gero. Na kai wa Baba nasa, na kai wa mai gida, na koma bakin murhu na zauna, kunnena yana wurinsu. Da na je ɗauko akushin Baba na same shi a sharce tas. Na juya zan tafi sai ya tambaya ko da saura. Ni ko abincin ban iya ci ba a ranar, daɗi ya cika mini ciki.

Duk wannan damina ban aika kasuwa sayen ganye ba. Kuɓewa ta yi yawa har na yanka na shanya a kan tabarma, yakuwa na tsinke na busar, na cika tukunya biyu. Da kaka ta yi ciyayi suka fara bushewa, na ɗauka aikin ya ƙare sai baɗi. Mai gida ne da kansa ya dawo wata rana da wasu 'yan ƙulle-ƙulle a takarda. Ya ce wani ma'aikacin gona ya zo aika waya, suka yi hira, ya ba shi labarin garkata, shi ne mutumin ya ba shi irin da ake shukawa da ɗari: salati, tumati, karoti da shu, wato kabeji. Abin da na riƙe a maganar shi ne, ashe yana ba da labarin garkata a biro.

A nan kowa ya tsaya. Inna ta san tumati, amma sauran ta ce abincin Nasara ne, ba ta taɓa shuka su ba. Baba ya zuba irin salati a tafinsa ya duba, ya ce wannan ai ƙaiƙayi ne. Abin da ma'aikacin gona ya faɗa kawai muke da shi: a fara renonsu a wuri ɗaya, in sun yi ganye huɗu a dasa, ban da karoti, shi inda aka zuba shi nan zai zauna. Sauran duk ni na laluba.

Na sauko da arozuwar daga jikin lemun, mai gida ya kai wa maƙeri ya toshe inda yake yoyo. A nan na gane hikimar hancin nan mai huji, don da na fara zuba ruwa da ƙwarya irin ya taru gefe guda. Na yi wurin reno kusa da rijiya na rufe da ciyawa. Dashen farko da hantsi na yi shi, kafin azahar duk sun langaɓe. Na biyu na bari sai da la'asar, na kafa wa kowanne ɗan ganyen giginya ya yi masa inuwa, suka kama. Da tsutsa ta faɗa wa shu na yayyafa toka, ba ta ji ba, na daka ganyen dogon yaro na jiƙa na tace na fesa, na riƙa bin bayan ganye ina tsince su da hannu ina jefa wa kaji. Tumatin da ya fara kwanciya na kafa masa kara na ɗaure shi da tsumma. Safe da yamma ina tsakanin rijiya da kunya, har kafaɗata ta daina ciwo ta saba.

Salati ya yi kyau, tumati ya yi fure, karoti ya fito da gashi kamar na masara. Shu ne ya dame ni. Da farko ya baje manyan ganye gwanin sha'awa, sai na ga na tsakiya sun fara naɗewa ciki, wannan ya rufe wancan. Na ce ciwo ne ya kama shi. A kuɓewa in ganye ya naɗe, ƙwaro ne a ciki. Na riƙa bin su kowace safiya ina buɗe ganyen da yatsa a hankali, ina duba ciki, ba ƙwaro. Washegari in tarar sun sake rufewa. Baba ya ce ko ruwa ne ya yi yawa, Inna ta ce ko sanyi ne. Akwai guda biyar a can ƙarshen kunya da suka naɗe sosai, na fid da rai da su, na bar su.

Ana haka laulayi ya kwantar da ni, cikina na fari ke nan. Ko warin ƙasa ba na so. Mai gida ya ce in kwanta, shi zai yi ban ruwa kafin ya tafi aiki. Ta taga nake hango shi, ya naɗe ƙafar wandon kakinsa, yana ɗauke da arozuwar, Baba na biye da shi yana nuna masa inda ya tsallake. Na kira shi na ce kada ya manta da shu, ya buɗe musu ganye, don ba su da lafiya. Ya ce wane irin rashin lafiya. Na yi masa bayani. Ya ajiye arozuwar ya je ya duba, ya dawo bakin taga yana dariya har da riƙe ciki.

"Ai haka Allah ya yi shi," ya ce. "Dunƙulewa yake kamar kan mutum, dunƙulen ake ci. Na gan shi a kasuwar Damagaram ina ɗan makaranta a lakwal. Ke kin hana su girma ne kullum."

Kunya ta sa na ja zane na rufe fuska, amma ni ma dariyar nake. Waɗanda na yi ta buɗewa ba su ƙara haɗuwa da kyau ba, ganyensu muka ci a miya. Biyar ɗin nan da na yi watsi da su kuwa, da na warware na je na dafa ɗaya, na ji shi da ƙarfi kamar goran duma. Na yanke mafi girma na ɗauko shi da hannu biyu. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Na raba shi da wuƙa a gaban Baba da Inna, muka tsaya muna kallon yadda ganye ya kwanta bisa ganye, fari tas, ba ko tsutsa ɗaya. Inna ta riƙe haɓa ta ce wani abu da Dandanci, sannan ta ce mini da Hausa, "Amarya, hannunka yana da kyau."

Azumi a shekarun nan cikin ɗari yake faɗowa, ya kuwa zo daidai da lokacin da garkar ta cika. Da la'asar in shiga da ƙwarya in tsinko salati da tumati jajaye, in tugo karoti, in wanke su a bakin rijiya. In yanka, in daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishirin Foga, in matsa lemun tsami, in ɗiga man gyaɗa. In raba a faranti: na gidan Inna, na masallaci, na gidan wani tsohon soja da ke bayanmu.

Baba ya ƙi ci. Ya ce ɗanyen ganye abincin awaki ne, shi bai wuni da ƙishirwa don ya buɗe baki da ciyawa ba, alhali shi ya fi kowa tsaron ta. Ban matsa masa ba, nakan ajiye farantin kusa da kununsa in tafi. Wata rana ya dawo daga sallar magariba ya ce liman ya tambayi daga wane gida kwaɗon nan ke fitowa, mutane har rige-rige suke a kansa. Na ce me ya gaya masa. Ya ce ya gaya masa noman ɗiyarsa ne. Ya zauna, ya jawo farantin, ya ɗebi kaɗan da yatsu uku ya tauna yana kallon gefe. Ya ce gishiri ya yi kaɗan. Ya cinye.

Kafin Salla labari ya zaga unguwa. Matan da a da sai dai mu ɗaga wa juna hannu suka fara sallama, wai sun zo ganin garka. Nakan zagaya da su kunya bayan kunya ina faɗin sunan kowane abu, su maimaita, su gaya mini na wanda suka sani da Dandanci, ni ma in maimaita su yi dariya. Yawancin Dandancin da na iya a tsakanin kunyoyin nan na koye shi. Matar wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, wadda ta zauna Yamai ta san irin waɗannan abubuwa, ta ɗaga shu ɗina ta auna a hannu ta ce ko a can ba ta ga wanda ya fi shi ba. Ranar Salla mai gida ya shigo da abokan aikinsa har da shugabansu, ya ce in shiga ɗaki za su zagaya baya. Ina jin sa ta taga yana yi musu bayanin reno da dashe, kamar shi ya yi. Da shugaban ya yaba masa sai ya ce a'a, shi ban ruwa kawai ya taya, aikin na iyalinsa ne tun daga farko.

Na bar salati biyu suka yi tsawo suka yi fure, na tara irinsu a gora. Da ɗari ya sake zagayowa na yi reno mai yawa, duk wadda ta zo na cire mata na naɗe a ɗanyen ganye na ce ta dasa da la'asar. Inna ta kai nata bakin gulbi inda mijinta ke ɗaure jirgi, ya yi mata kyau fiye da nawa, har tana ƙetara gada da shi zuwa kasuwar Malanbil ta Dahome. A lokacin na haihu, ɗiya mace, da ita a goye nake ban ruwa.

Baba ya yi damina biyu tare da mu. Da bazara ta uku ta kama ya ce zai koma gida, gonarsa ta huta ya isa haka. Mai gida ya yi ta roƙonsa, ya ce shi lafiyarsa lau, ƙafarsa da ƙarfi, kuma yana son ya yi shuka da hannunsa kafin ƙarfin ya tafi. Ana gobe zai tashi ya sa na kawo masa busassun kuɓewar da ya ware tun kaka, ya ɓare su a kan buzu, ya zaɓi iri ya ƙulle a bakin rawaninsa. Ya karɓi na yakuwa da na gauta, har da na salati kaɗan. Da safe ya zagaya baya shi kaɗai ya daɗe, ya gyara wani wuri da shingen ya saki, sannan ya fito ya ɗauki jikarsa ya yi mata addu'a. Ya ce mini in riƙa sauya wa tumati wuri, kada in maimaita shi a kunya ɗaya. Na ce to, Baba.

Bayan kaka wani direban kamyo ɗan garinmu ya biyo ta Gaya zai ƙetara Dahome, ya tsaya a ƙofar gida da saƙo. Buhun gero ne daga gonar Baba, da 'yar jakar fata cike da busasshiyar kuɓewa. Ya ce tsohon ya ce a gaya wa ɗiyarsa kuɓewa ta yi, yakuwa ma ta yi, salatin dai ya fito tsuntsaye suka cinye, a aiko masa da wani irin zai sake gwadawa kusa da rijiya. Na shiga ɗaki na zazzago masa rabin abin da ke cikin gorar, na ƙulle da kyau. Mai gida ya ce wa direban ya jira ya ci abinci, ni kuma na ɗauki ƙwarya na zagaya baya tsinko abin miya.